Hannun Daman Inna Kulu

Tun da aka fara turo mini ku, ku samarin da kuka gama makarantar koyon aikin lafiya, babu wanda bai yi mini murmushin nan ba a ranar farko. Kuna ganin dattijo ya ɗaure jaka a bayan babur yana bin gidaje yana miƙa wa tsofaffi wasan gem, sai ku ce a ranku ai wannan hutu ne da albashi. Ɗaya daga cikinku ma bai ɓoye ba, a gabana ya ce ƙanensa ɗan firamare ya fi ni iya wasan. Bai yi ƙarya ba, ya fi ni nesa ba kusa ba. Amma ku gyara zama ku ji yadda sana'ar take, don akwai abin da na gani a cikinta wanda har yau in ya faɗo mini sai na riƙe baki.

Sana'ata gashi ce, wato motsa gaɓoɓin wanda ciwo ya kayar har su koma aikinsu. Inda na fi ƙarfi shi ne hannu, hannun wanda shanyewar ɓarin jiki ta kama. Da shara na fara, a ɗakin gashi na wani asibiti, lokacin ba a daɗe da tare ruwa a Goronyo ba, mutane sun fara sanin daɗin noman rani. Mai ɗakin, Malam Sanda, Allah ya jiƙansa, shi ya lura ina tsayawa da tsintsiya ina kallon abin da yake yi, ya ce in ina so zai koya mini. Na ɗauka sunayen jijiyoyi zai fara biya mini. Sai ya bari ranar kasuwar Goronyo ta zo, ya kwance rawaninsa, ya ɗaure mini hannun dama a kan cikina tamau, ya mayar mini da riga a kai.

Ya ce, "Tahi kasuwa. Ka gaisa da mutane, ka ci abinci, ka yi alwala, ka komo ka hwaɗa min abin da kag gani."

Da dariya na fita. Dattijon farko da na miƙa wa hagu abokin mahaifina ne, mai sayar da hatsi. Ya dubi hannun, ya dube ni, ya ce, "Wa kaka miƙa ma hagu? Ubanka ya san haka kaz zama?" A wurin mai tuwo na zauna da kwano a gabana ina rarraba ido, na kasa sa hagu a ciki jama'a na kallo, na tashi da yunwata. Abin da ya faru tsakanina da zariyar wando a bayan masallaci kuwa, wannan ba zan faɗa muku ba. Da la'asar na koma jiƙe da gumi. Malam Sanda yana kwance ni yana cewa, "Kai ka san za a kwance ka da la'asar. Waɗanga da aka kawo muna ba su san ranar kwancewa ba." Daga ranar ya fara barina ina taɓa hannun marar lafiya.

Kayan aikinmu na lokacin babu abin da ba za ka samu a tsakar gida ba. Akwai kwano na gero cakuɗe da wake, marar lafiya ya riƙa tsince waken. Akwai curin yumɓu da zai riƙa matsawa, da carbi mai manyan 'ya'ya, da tsumma da ruwan ɗumi na sassauta jijiya. Muna kuma sassaƙa ɗan katako daidai tafin mutum, mu ɗaure hannun a kai in zai kwanta, don hannun da ya shanye in aka bar shi dunƙulewa yake yi, yatsu su nannaɗe su shige tafi. Abin da Malam Sanda ya fi nanata mini shi ne watannin farko su ne daminar hannu. Abin da ba a shuka a cikinsu ba, sai an sha wuya kafin a same shi daga baya. Kuma mai hannun ne zai yi ta maimaita motsin da kansa, safe da yamma, har ya gaji ya sake.

A nan matsalar take. Magidanci mai iyali, wanda jiya yake ba da umarni a fadama, yau ka ajiye masa kwano ka ce ya tsince wake kamar kaza. In kana zaune zai yi don kunyarka. Kana juya baya an kai geron ga turmi. Wani Alhaji a Rabah, babban dillalin shanu, da hagu ya ɗauki kwanon ya jefe ni da shi, kuma ga tabon nan a goshina ku duba. Masu ciwon nan yawancinsu manoma ne da 'yan kasuwa, ba su taɓa auna jininsu ba, hawan jini na cin su a ɓoye, sai rana ɗaya mutum ya faɗi a bakin injin ban-ruwa. Iyali su ce iska ce ta buge shi, a fara hayaƙi da tofi. Ni ba na faɗa da kowa a kan wannan. Cewa nake ku yi naku, ku bar ni in yi nawa, amma a sha maganin asibiti.

Na tsufa a kan kwanon wake kafin wasu malaman jami'a su zo daga Sakkwato da wasu kwamfutoci masu faɗin faranti. Mutanenmu suna ganinsu suka sa musu suna allo, kuma sunan ya bi su har yau. Aka tara mu aka kunna ɗaya. Sai ga kaza a saman gilashi tana sako ƙwai. Aikinka shi ne ka sa babban yatsa da manuni ka tsinci ƙwan tun bai kai ƙasa ba, ka ja shi ka kai kwando. In ka kai, ƙararrawa ta yi ƙilin. In ya suɓuce ya fashe, sai wata murya ta ƙyalƙyale da dariya irin ta yaro marar kunya. Baki buɗe na tsaya. Na ce musu wallahi in na kai wa sa'an ubana wannan abin, ba kwano ba, da taɓarya za a raka ni. Suka ce in gwada tukuna.

Wanda na fara gwadawa a kansa Tukur ne, wani manomin albasa a Boyekai, mutum mai zafin kai wanda ko 'ya'yansa ba sa zama kusa da shi. Na tokare masa gwiwar hannu da matashi, na kunna, na ɗan ja da baya kusa da ƙofa saboda tsaro. Ƙwan farko ya fashe, dariya ta tashi. Tukur ya zaro ido ya ce, "Ni kazagga taka yi ma dariya? Ni?" Ya gyara zama. Bai ɗaga kai ba har cajin allon ya ƙare, sannan ya daka wa ɗansa tsawa ya kai shi shagon mai sola. Mutumin da ban taɓa samun ya tsince wake cikin tafi ɗaya ba, shi ne matarsa ta kawo mini ƙara wai ba ya barin su su huta da ƙarar kaza. Kafin a cire albasar shekarar yana ɗaure bakin buhu da hannunsa. Mamaki ya kusa kashe ni. Dariyar da nake tsoro ita ce ta tashe shi, don haka duk gidan da na kai allo da dariyarsa nake barinsa.

To a nan kuke cewa aiki ya ƙare, an miƙa allo sai a hau babur. Ba ku san cewa jiki ɓarawo ba ne. Marar lafiya zai ɗaga kafaɗa ya karkata gaba ɗaya ya ja ƙwan da ƙarfin ƙirji, yatsun na nan a mace. Wani zai faki idonka ya tallafa da hagu, sai ka sa shi ya zauna a kanta. Kai za ka san girman ƙwan da ya dace da shi yau, da saurin da za a sa, don in ya yi wuya zai yi zuciya ya bari, in ya yi sauƙi ba abin da hannun ya ƙaru da shi. Kafin a fara ka auna jini. Ana cikin yi ka dubi gefen bakinsa, in ya fara rawa ka tsayar ko da yana zaginka. Duk wannan aikin ido ne. A gidajen da namiji ba ya shiga, ina da idon aro, wata ma'aikaciyar jinya mai suna Rabi da nake tafiya da ita, ita ta shiga ciki ni in jira a zaure ta fito ta faɗa mini abin da ta gani.

Sai muguwar shekara ta zo, shekarar da 'yan bindiga suka hana bin hanyoyi, har aka yanke layin waya a yankinmu. Ƙauyukan da nake zuwa da hantsi in dawo kafin azahar suka zama sai dai labari. Wasu marasa lafiyata an gudu da su a amalanke an bar allon a rataye. Wasu da na sake gani bayan an samu sauƙi, hannayensu sun riga sun bushe a dunƙule, babu abin da zan iya yi musu sai addu'a. Mijin Rabi ya kwashe iyalinsa ya koma Sakkwato, na rasa idona na cikin gida. Aikina ya taƙaita a cikin gari, kuma cikin wannan halin aka kira ni wani gida a Wurno.

Tsohon gidan malamai ne, irin wanda za ka ga littattafai a jere a zaure har sun kusa taɓo azara. Mai gidan, Malam Haliru, mutum ne mai sanyin magana. Mahaifiyarsa ce ta faɗi, Inna Kulu, wadda ta ƙarar da rayuwarta tana karantar da matan unguwa a ɗakinta. Ciwon ya tafi da ɓarin dama, ya tafi da magana. Ya ce ba tafiya ce ta dame su ba, abinci ne. Ta ƙi sa hagu a kwano, ita da ta tarbiyyantar da mata a kan ci da dama. In kuma matarsa Luba ta ba ta a baki, sai ta karɓi loma ɗaya ko biyu ta juya fuska ga bango hawaye na zuba. Kullum ƙara ramewa take.

Ya ce, "Ba mu biɗar komi, Malam, sai ta kai loma bakinta da hannunta. In ba haka ba, yunwa za ta riga ciwonga kashe ta."

Na ce to a yi mini iso in ga hannun. Ya sunkuyar da kai ya ce namijin da ba muharrami ba bai taɓa wuce zauren nan ba. Na ce haba Malam, sa'ar mahaifiyata ce fa, kuma lalura ce.

Ya ce, "Na sani. Amma dokagga ita tas sa ta tana da lahiya. Yanzu ba ta da bakin da za ta ɗage ta. Ni ko ban iya ɗage mata ita don na ga ba ta iya hana ni."

Na ga wannan magana ba ta taurin kai ba ce. Muka shirya cewa zan koya masa a zaure, shi ya koya wa Luba, ita ta riƙa zama da Inna. Ɗakin Inna kuwa bango ɗaya ne da zauren, akwai 'yar taga a sama, duk abin da allo ya yi ina ji. Na ce tunda babu ido, zan yi aiki da kunne.

Ranar farko zauren cike yake da dattawa 'yan dubiya. Aka shiga da allo. Jim kaɗan sai dariyar nan ta ratso taga, ta sake, ta sake, babu ƙararrawa ko ɗaya. Dattawa suka sunkuyar da kai, wani ya fara jan carbi da sauri. Malam Haliru gumi ya karyo masa. Ni kuwa na ce musu kada su damu, haka ake farawa, kowane ƙwai da ya fashe alama ce hannun ya yi yunƙuri.

Da na dawo zuwa na gaba sai na ji ƙilin. Can kuma wani ƙilin. Na ce alhamdu lillahi. Zuwa bayan zuwa ƙararrawa na ƙaruwa, dariya na raguwa, har ta ɓace. Na sa a fito mini da allon na rage girman ƙwai, aka mayar, ƙilin dai. Na ƙara sauri, ƙilin. Ban taɓa ganin tsohuwa ta samu sauƙi da wuri haka ba, har labarinta nake bayarwa a asibiti. Kullum kafin in tashi nakan tambayi Malam Haliru ya jikin Inna, ta fara ci da kanta? Ya ce da sauƙi, alhamdu lillahi. Kun san mutanenmu, wanda ake haƙa wa kabari ma in ka tambaya da sauƙi za a ce maka. Haka muka ci damina, shinkafar fadama ta fara nuna.

Wata rana da hantsi ina zaune a zaure, Malam Haliru na duba littafi, ƙararrawa na tashi bi da bi kamar kullum. Sai wata murya ta ratso taga, mai nauyi, kamar harshen ya cika bakin mai ita.

"Ba… ni… ta… ba."

Ƙararrawa ta tsaya cak. Littafi ya faɗi daga hannun Malam Haliru. Muryar ta sake tashi, ta fi ta farko ƙarfi, kuma wannan karon babu shakka ni take nufi da ke zaure.

"Ba ni ta ba!"

Tun ranar da ta faɗi ba ta furta ko kalma ɗaya ba. Wannan ita ce maganar farko da Allah ya mayar mata, kuma abin da ta zaɓa ta faɗa shi ne ba ita ce ke yi ba. Malam Haliru ya ruga ciki ba takalmi. Na ji salati, na ji kukan mata. Ya daɗe kafin ya fito idonsa ja, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Inna ta ce ka shigo."

Na yi sallama na shiga. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, jingine da bango, ta rame har ƙasusuwan wuya sun fito, amma idonta tar. Hannun daman na nan manne a ƙirji, a dunƙule kamar an ɗinke shi. Na nemi ruwan ɗumi, na nemi izininta, ta gyaɗa kai. Da ƙyar na ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya tana cije leɓe. Farata sun yi tsawo sun nutse a tafi, fatar ta yi fari ta jiƙe, wari na tashi. Wannan hannun ya daɗe rabonsa da gilashi. Na zauna dirshan a ƙasa.

Luba na durƙushe a gefe da allon a cinyarta. Na ce, "'Yata, tun yaushe?"

Ta ce, "Tun bayan ranar hwarko, Baba." Ta share fuska da gefen mayafi. "Ita tak koya min Fatiha. Ita tak koya ma uwata. In zamna abinga shina yi mata dariya, maza na zaure suna ji? Wallahi ban iyawa. Sai in ɗora hannunta bisa nawa, in yi niyya don ita, in tsinci ƙwan."

Na juya wurin Malam Haliru. Bai jira na tambaya ba.

Ya ce, "Da sanina na. Ta tambaye ni, na ce ta yi. Mun ɗauka kamar jifan Shaiɗan ne a Mina, Malam. Wanda bai iyawa, a jefa mishi, kuma ya samu."

A sana'ar nan na ga malalata, na ga 'ya'yan da suka watsar da iyaye a ɗaki, na ga wanda ya sayar da allon ya ce an sace. Duk waɗannan na san abin da zan faɗa musu, kuma ina faɗa. Amma ban taɓa ganin ladabi ya kashe hannu ba sai a ɗakin nan. Mace ce da take tashi ta wanke surukarta, ta juya ta, ta share ta, sannan ta zauna safe da yamma tana tsintar ƙwai don ta rufa mata asiri. Wa zan yi wa faɗa? Allo kuwa ba ruwansa, yatsa ya ji ya taɓa shi, bai san na wane ne ba. Ita kuma Inna tana zaune wata da watanni tana kallon ana warkar da hannun wata da sunanta, tana jin ina hamdala a zaure, ba ta da bakin da za ta ce a'a.

Na faɗa musu gaskiya a gabanta, don na ga ba mai son a ɓoye mata ba ce. Na ce watannin da hannu ya fi saurin dawowa sun wuce, ban yi alkawarin komai ba, amma ban ce an rufe ƙofa ba. Sannan na ɗauki allon na nuna musu wani ɗan maɓalli a gefe, na ce wannan shi ke kashe dariyar, bari in kashe ta kowa ya huta. Na kai yatsa ke nan Inna ta yi wani gurnani. Muka tsaya. Ta yi ta kokawa da harshenta, jijiyar wuya ta miƙe.

"Bar… ta," in ji ta. Ta huta, ta nuna taga da haɓa. "In… kun ji… dariya… ni ta."

Na mayar da hannuna. Ban ƙara ko ɗaga maganar ba.

Daga ranar aiki ya koma farko, ya ma fi farko wuya. Yanzu ina shiga in zauna a bakin ƙofa. Luba ce ke gasa hannun da ruwan ɗumi tana miƙe yatsun a gaban idona, na sassaƙa katako irin na da ana ɗaure mata in za ta kwanta. Na sa ƙwai mafi girma, a tafiya mafi sanyi, wanda ko jariri zai kama. Inna ba ta kama ba. Dariya ta dawo zaure, safe da yamma, aka yanke shinkafa ana jin ta, aka dasa albasa ana jin ta. Da farko dattawa na sunkuyar da kai. Daga baya wani tsoho in ya zo bai ji ba sai ya tambaya, "Lahiya yau Inna ba ta hwara karatu ba?" Na kuma yi ciniki da ita a kan abinci. Na ce hannun da ba a ba shi tuwo ba ba zai ɗaga tuwo ba, ta daure ta karɓa daga Luba kafin nata ya iso. Ta harare ni, amma ta buɗe baki.

Babban yatsa ne ya fara motsi, ɗan kaɗan, sai ka ƙura ido za ka gani. Manuni ya biyo, na tsakiya ya biyo a makare. Sauran biyun ba su sake buɗewa ba har ta koma ga Allah, kuma na san da a ce damina ba ta wuce mu ba da sun buɗe. Ranar da ƙararrawa ta fara yin ƙilin na gaskiya, guda ɗaya tak a tsakiyar dariya, Malam Haliru ya fito zaure ya rasa wanda zai rungume. Amma tsintar ƙwai a gilashi daban, kai loma baki daban. Tsakanin kwano da baki akwai gwiwar hannu, akwai kafaɗa, kuma su ma duk sun yi sanyi.

Ita ta zaɓi ranar da kanta. Na zo da azahar aka ce ta sa an tuƙa tuwon sabuwar shinkafa da miyar kuka, kuma ta ce in zauna in gani. Aka ajiye kwano a kan 'yar kujera a gabanta. Malam Haliru na tsaye a bayana, Luba na zaune a damarta. Ta yi bismillah da harshenta mai nauyi. Ta sa yatsun nan uku a tuwo, ta yi ta fama har ta gutsuro 'yar loma, ta dangwala a miya. Hannun ya tashi yana karkarwa, ya kai ƙirji, loma ta faɗi a zane. Ta sake gutsura. Wannan ta kai kusa da haɓa ta suɓuce. Gumi ya jiƙa mata ɗankwali, numfashinta har zaure ana ji.

Ta sake ɗagowa, hannun ya tsaya a hanya yana rawa, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Na ga Luba ta matse hannayenta a tsakanin gwiwoyi. Ban san lokacin da ɗaya ya kuɓuce mata ba, ita ma na tabbata ba ta sani ba. Sai dai na gan shi ya miƙa a hankali zai tallafi gwiwar hannun Inna.

Tas!

Mari ne a bayan hannun Luba, har da shaidar miya. Malam Haliru ya ce inna lillahi a ƙasan maƙoshi. Luba ta dafe wurin, ta dubi hannunta, sannan ta dubi wanda ya mare ta, sai ta toshe baki. Ba hagu ba ce. Ni ma hannun nake kallo, Inna ma shi take kallo, kamar baƙon da ba ta yi tsammani ba.

Can ta ɗago ta ce, "Luba… matso… kwanon."

Luba ta matso da shi tana kuka tana dariya. Inna ta sake gutsura, ta sunkuyar da kai ta tari lomar a hanya, ta shiga. Ta tauna a hankali, ta haɗiye, ta koma kwano. Miya ta bi ta har gwiwar hannu tana ɗiga a zane, kuma a ɗakin nan babu wanda ya kuskura ya goge mata.